Mai Shaidar Ruwa

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a ƙarshen bazara, lokacin da kowa ya gama sharar gona ya zauna yana kallon gabas. Ina cikin aji a Malbaza aka kira ni. Kafin in sami babur in isa ƙauyenmu, can bayan Dogarawa, an riga an yi masa sutura, sallah da rakiya kawai na samu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, don ya gaji.

Da muka dawo daga maƙabarta aka zauna ƙarƙashin bedin, wato dogon yaron, da ke ƙofar gidansa. Liman ya yi addu'a, sannan ya ce duk wanda ya san wani alheri na mamaci ya faɗa, tunda shaidar mutane tana bin mutum kabarinsa. Aka yi shiru. Shirun ya yi tsawo har wani ya yi tarin da ba ya ji.

Maigari ne ya fara. "Mutum na mai haƙuri. Bai taɓa kawo ƙarar kowa ba."

Sai surukinsa, mahaifin mijin ƴarsa, ya gyara zama ya ce, "Allah shi gafarta mishi. Har da zancen ruwan ga, mun yahe."

A bayana wani ɗan kabu-kabu ya raɗa wa abokinsa, "Shaida ya tahi ke nan. Ƙila bana mu ga ruwa." Suka danne dariya da hannun riga. Na ji su sarai, ban waiwaya ba.

Na shiga cikin gida in yi wa Inna, matarsa, ta'aziyya. Mata sun cika tsakar gida suna kuka, ita tana zaune idonta a bushe. Mushe ake ce mini a garin, wato malamin makaranta. Da ta gan ni abin da ta ce shi ne, "Mushe, ka dubo gwangwanin? Kwana ukku ba a kakkaɓe shi ba."

Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan. Kawu ya yi shekaru ana kiransa Shaida, ana nufin mutumin da ya sayar da ruwan garinsu. Kalmar kuwa daga bakina ta fito, kuma har aka rufe shi ban taɓa tsayawa gaban mutane na ce ni ne ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Tun yana sabon magidanci mutanen buron noma, wato ofishin aikin gona, suka kafa ma'aunin ruwan sama a bayan gidansa, don shi ya fi kowa iya lamba a ajin yaƙi da jahilci. Gwangwani ne mai mazurari a baki, a kan sandar ƙarfe, da ƴar kwalba mai zane-zane da ake juye ruwan a ciki a karanta. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, kafin ya karya, sai ya je ya juye, ya ajiye kwalbar a kan wani dutse mai faɗi, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da bakin ruwan. Na taɓa ɗaga kwalbar ina tsaye zan karanta masa, ya buge mini hannu.

"Durƙusa. In kana tsaye ido na ƙara ma ruwa."

In ya karanta ya rubuta a kaye, wato littafin rubutu irin na ƴan makaranta. Ranar da babu ruwa ya ja ɗan layi, don kada wani ya ce mantuwa aka yi. Ruwan da ya auna kuma ba ya zubar da shi ko'ina sai gindin wannan bedin, tun yana tsiron da akuya za ta iya cinyewa a loma ɗaya.

A da, in an yi ruwan fari, bayan gidansa ya fi ƙofar maigari cika. "Nawa yas sauka?" Sai ya faɗi lamba, sannan ya tona ƙasa da hannu. In danshi bai wuce tafin hannu ba, ya ce, "Ku riƙe irinku." Masu gaggawa su shuka su yi asara, su dawo suna sosa ƙeya. Bai taɓa cewa ai na gaya muku ba, iyakarsa ya ɗebo musu daga nasa irin.

Taurin kai kuwa ba a magana. Ranar ɗaurin auren ƴarsa an tashi da ruwa. Liman ya zauna, goro ya iso, dangin ango sun cika tabarmi, aka nemi uban amarya aka rasa. Can ya bayyana gwiwoyin sabon wandonsa duk laka. Surukinsa ya yi dariya har da hawaye, ya ce da ya san haka da gwangwanin ya nema wa ɗansa. A lokacin su biyun kwano ɗaya suke ci.

Wata shekara da rani wata farar mota kat-kat, mai shiga daji, ta tsaya a ƙofar maigari. Mutum uku ne, shugabarsu wata injiniya mai taswira a naɗe a hammata. Ba ta jin Hausa, ni kuma ina gida hutu, ban daɗe da fara koyarwa ba, ina ji da kaina. Maigari ya aika a kira mushe ya yi tafinta.

Ta ce suna shirya wani gwaji ne. Jirgi zai tashi ya shiga ƙarƙashin hadari ya saki garin gishiri mai laushi, ƴan ɗigon ruwan da ke cikin gajimare su taru jikin gishirin, su yi nauyi su faɗo. Ta ce jirgin ba ya ƙera hadari, sai wanda ya taso da kansa ake taɓawa, kuma su kansu ba su tabbata abin yana ƙara ruwa ba, shi ya sa za a gwada.

Liman ya tambaya ko wannan ba shisshigi ba ne cikin ikon Allah. Kawu ya ce, "Muna sa ma gona taki, liman, ba ka taɓa hana mu ba." Aka yi dariya, liman ma ya yi.

Ta nemi ganin rubutun ruwan garin. Kawu ya shiga gida ya fito da buhu guda na kaye-kaye. Matar nan ta zauna a tabarma tana buɗawa, tana bin layi da yatsa, tana girgiza kai, don babu rana ɗaya da ta sami gurbi. Ta tambaye shi ta ina hadari yake zuwa mana. Ya miƙa hannu gabas, ya ja shi a sama har yamma, wajen Konni da Alela. Ta zana kibiya a taswirarta. Daga nan ta ce, da Faransanci, garinmu ne zai zama temwan.

Na san kalmar. A kotu na san ta, da wurin ɗaurin aure a ofishin magajin gari. Na ɗaga murya na ce, "Ta ce garinmu anka zaɓa shi zama shaida, sabo da kayen Kawu."

Ta ƙara wata magana mai tsawo bayan wannan, da sauri, cike da kalmomin aikinsu. Rabinta ya wuce ni. Kunya ta hana ni in ce ta maimaita a gaban iyayen ƴan ajina, sai na ce godiya take yi.

Maigari ya dubi Kawu. Kawu ya ce, "Shaida kam ba a ƙin ta. Mun yarda."

Kowa ya watse da fahimta ɗaya, har da ni: a kanmu jirgi zai fara, mu za mu gani da ido mu ba sauran ƙasa labari. Mata sun yi guɗa a ranar.

Ba a yi wata biyu ba mijin ƴar Kawu, mai jigilar albasa, ya dawo daga Konni da labarin cewa wajen Alela jirgin zai yi aiki. Na hau mota na sami injiniyar a ɗan buronsu na Konni. Ta zana mini da'ira biyu a takarda. A tasu sana'ar, temwan shi ne wurin da ake bari ba a taɓa shi ba, don a gwama ruwansa da na wurin da aka zuba wa gishiri. Tunda hadari daga gabas yake tasowa, dole wurin da za a bari ya kasance a gabas, inda iska ba za ta kai masa gishirin ba, kuma dole ya zama yana da rubutun shekaru masu yawa wanda ba a shakka. Ta ce ko a can yamman ba kowane hadari za a taɓa ba, ƙuri'a za a riƙa cirowa daga ambulan. Sannan ta dube ni ta ce ai duk ta faɗi wannan a ƙofar maigari. Gaskiyarta, ta faɗa.

Na sami Kawu bayan la'asar yana ɗaure ƙaya kewaye da sandar gwangwani saboda awaki. Na gaya masa komai, na ce gobe zan tara mutane in ce kuskurena ne.

Bai daina ɗaurin ba. "In kac ce ba ka ji Faransanci ba, wa za shi sake ba ka ɗa ka koya mishi? Kai kaɗai munka samu yak kai nan."

"Kawu, kai za su zaga."

"Ni nic ce mun yarda. Kowa ya ji da kunne nai." Ya ja igiya da haƙori. "Kuma ban ga inda kab ɓata ba. Shaida mi shika ci cikin shari'a? Ba ya cin komi. Tsayawa shikai shi hwaɗi abin da yag gani."

Na bar maganar a nan, kuma wallahi daɗi na ji. Wannan daɗin ne ya fi damuna yanzu.

Ranar Juma'a a ƙofar masallaci surukinsa ya tare shi gaban jama'a. "Ka ba su kayenka, ka nuna musu hanyar hadari da yatsanka, sunka kore shi Alela!"

Kawu ya ce, "Hadarin da yak kai Alela ya riga ya wuce mu, da jirgi da babu jirgi."

"To gyara ɓarnarka. In goma tas sauka, rubuta biyat. Su ga mu ad da ƙishi, su juyo da jirgin."

"In na rage namu, sai su ga can ya hi nan, su ce gishirinsu ya yi aiki, ko da bai yi ba. Ƙaryata ta bi ƙasa dut."

"Ƙasa dut ka ba ka hura?"

Kawu ya sa takalmansa ya tafi. Daga ranar kwanon nan ya rabu biyu, jikokinsu ɗaya amma gaisuwa sai a wurin jana'iza.

Abin takaicin shi ne jirgin bai taɓa tashi ba. Ayarin ya dawo sau biyu, suka kafa gwangwani na biyu, suka auna tazarar da ke tsakaninsa da itatuwa, suka ce sai damina mai zuwa. Damina ta zo ta wuce suka ce mai bi mata. Daga baya na je Konni na tarar wani tela ne a ɗakin da buronsu yake. Ko ƙwayar gishiri ɗaya ba a zuba wa hadarin kowa ba.

Amma a shekarar farko ruwa ya ɗauke mana daidai lokacin da hatsi ke fitar da kai. Duk jirgin da ya ratsa can ƙololuwa yana jan farin zare, sai ka ji an ce ga shi can, ya zo ɗaukar namu. Na sha cewa wancan jirgin fasinja ne, na gwajin bai ma iso ƙasar ba. Wannan kam na faɗa da ƙarfi, don ba ta taɓa ni. Babu wanda ya saurara. Mutumin da rumbunsa ya tashi rabi ba ya son a ce masa babu mai laifi.

Haka sunan ya zauna. Yara suka taso suka tarar ana ce masa Shaida, ba su ma san dalili ba. Bayan gidansa ya koma wurin kiwon kaji. In an yi ruwan fari kowa ya tona gonarsa da kansa, wasu su dace wasu su yi asara, kuma ba mai zuwa karɓar iri. Shi kuwa bai fasa ba. Gwangwani biyu ya riƙa aunawa, yana rubutu sau biyu, kaye ɗaya na buron noma wanda nake kai masa Malbaza, ɗaya na injiniyar yana ajiyewa a buhu.

Na gaji da ganin haka. Na taɓa ce masa, cikin ɓacin rai, matar nan ta manta da akwai wani ƙauye a bayan Dogarawa, ya daina wahalar da gwiwarsa. Ya ce, "Sun sallame mu?" Na ce ba su sallame mu ba, ɓacewa suka yi. Ya ce, "To shaida ba ya tashi sai an sallame shi." Na so in yi masa tsawa, na tuna ko wane ne ya ɗora masa kalmar.

Da idonsa ya yi rauni, Inna ta karɓi durƙuson. Ba ta san lamba ba, sai ta bi zanen kwalbar da farce tana ƙirgawa a fili, shi kuma ya rubuta da manyan baƙaƙe masu hawa kan juna. Kullum sai sun yi gardama. Ya ce ta sake ƙirgawa, ta ce in bai yarda ba ya aro ido. Ita kaɗai ce a garin ba ta taɓa kiransa da sunan nan ba, ko da wasa.

Zuwana na ƙarshe yana kwance, muryarsa ta yi ƙasa. Bai yi mini wasiyyar gona ko ta gida ba. Cewa ya yi tururuwa na shiga mazurari, a riƙa dubawa. Na riƙe hannunsa na ce, "Kawu, ka yahe mini." Ya ce, "Mi kay yi?" Ban sani ba ko mantawa ya yi ko yafewar ke nan.

Ranar sadakar uku, bayan an raba waina an shafa fatiha, mutane sun fara neman takalmansu, na miƙe. Na ce liman ya nemi shaida shekaranjiya ban bayar ba, yau zan bayar. Na faɗi kalmar, na faɗi abin da take nufi, na faɗi maganar da ta wuce ni na ce godiya ce. Na ce Kawu bai san abin da ya yarda da shi ba sai da na dawo daga Konni, kuma shi ya hana ni magana don kada a kwashe yara daga ajina.

Na zaci za a yi salati. Babu wanda ya motsa. Maigari yana kallon ƙasa, liman yana jan carbi.

Surukinsa ne ya yi magana, a gajiye. "Zauna, mushe. Mun sani."

"Kun sani?"

"Tun shekarar. Direbansu ya hwaɗa ma ɗana dut yadda anka yi." Ya shafa fuska. "Kai kana Malbaza, kana koya ma jikokinmu. Shi ad da mu nan, kullum muna ganin shi duƙe gaban gwangwani, sama ko babu komi. Da mun zage ka, da mun yi asarar mushe. Shi ko mun san ba ya zuwa ko'ina."

Na zauna. Ashe shekarun nan duka shirun da na yi bai rufa wa kowa asiri ba. Gari guda ya san gaskiya, ni ma na sani, muka bar tsoho ɗaya ya ɗauka don ya fi mu iya ɗauka. Ban taɓa jin gajiya irin ta wannan hantsin ba, har fushi na nema a cikina na rasa.

Da yammacin ranar gabas ta haɗe, aka yi ruwan fari. Washegari da safe Inna ta miƙo mini kwalba da kaye. Na zaga bayan gida na juye gwangwani. Ina cikin haka na ji takun sanda. Surukin ne, shi kaɗai, aljihun rigarsa ya yi nauyi da irin hatsi. Ya tsaya daga bakin ƙaya, inda bai tsaya ba shekara da shekaru.

"Nawa yas sauka?"

Na ɗaga kwalbar sama na duba. Na ga kamar goma, har da ɗan ɗori. Na so ƙwarai ta zama goma, in ba mutumin nan abin da zai tafi gona da shi, a ce ruwan farko bayan Kawu ya kai shuka. Na buɗe baki ke nan Inna ta yi magana daga bakin darni.

"Durƙusa."

Na ajiye kwalbar a kan dutsen, na sa gwiwa a laka, na kawo idona daidai da bakin ruwan.

"Takwas, Baba."

Ya duƙa da ƙyar ya tona ƙasa da yatsu. Danshin bai rufe masa tafin hannu ba. Ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya kakkaɓe hannu a riga.

"Bai kai ba. Mu riƙe irinmu."

Ya miƙo hannu na ba shi kwalbar. Ya dogara sandarsa ya zagaya ƙofar gida, ina biye, ya tsiyaye ruwan a gindin bedi har ɗigon ƙarshe. "Allah shi jiƙan Shaida," ya ce, a hankali, kuma wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Na buɗe kaye. Layin ƙarshe da Kawu ya ja yana nan a karkace, ranar da babu ruwa. Na cike kwanakin da suka biyo baya da layi-layi, na zo ga ranar, na rubuta takwas.